Ping na amsawa amma shafi na tsayawa: yadda ake auna ingancin netwok a kan suwici

Wani ƙanena da ke kula da cibiyar jarrabawar kwamfuta a wajen Mabera, nan Sakkwato, ya aiko mini da tambaya. Suna da kwamfuta 250 a kan ƙananan suwici 11 (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna ta waya) masu ƙofa 24 kowanne, da babban suwici na Huawei da ya haɗa su da saba, wato uwar kwamfutar da ke raba tambayoyi. Ya ce kullum da safe yakan buga ping, wato umarnin da ke aika ɗan saƙo ya ga ko za a amsa, ga kowane suwici, duk su amsa, amma da ɗalibai sun cika ɗakin sun shiga a lokaci guda sai shafi ya dinga tsayawa a wasu layuka. Ya ga NQA a littafin babban suwicin, yana son ya san mece ce, kuma da me ake gane netwok mai inganci.

Ƙanena, ping ɗin nan bai yi maka ƙarya ba, abin da ka tambaye shi ne ya amsa. A Windows in ka rubuta ping kawai, fakiti 4 yake aikawa, wato ƙananan ƙunshin saƙo, kowanne da bait 32 na kaya, ɗaya a kowane sakan. Kai kuma kana yin haka da ƙarfe bakwai na safe, ɗaki ba kowa. Kamar mutum ne ya bi hanyar Illela ranar da kasuwa ba ta ci, ya dawo ya ce hanya fayau take. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba labarin ranar ake nema ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda masu fara aikin nan da yawa ba su sani ba. Suwici gida biyu ne a ciki. Akwai cip na musamman da ba ya da aiki sai ya karɓi fakiti a wannan ƙofa ya fitar da shi ta waccan, da gudun waya. Akwai kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa, CPU, mai kula da saiti, da shigarka in za ka yi gyara, da amsa ping. In ka buga wa adireshin suwicin kansa, ƙwaƙwalwar nan ce ke amsa maka, hanyar da jarrabawar yara ke bi daga ƙofa zuwa ƙofa kuwa ba ka taɓa ta ba. Masu ƙera suwici da gangan suke mayar da amsa ping ƙarshen layi, suna kuma taƙaita yawan wanda zai isa ga ƙwaƙwalwar, don kada wani ya cika ta da shi ta kasa aikinta. Shi ya sa za ka ga suwici mai lafiya lau yana amsawa a milisakan 20 ko 30 (milisakan ɗaya bisa dubu ne na sakan), wani kuma yana amsawa a milisakan 1 alhali wata ƙofarsa na zubar da kaya. Saboda haka gwaji ta cikin suwici ake ratsa shi: daga kwamfutar da ke can ƙarshen layi zuwa saba, kuma a lokacin da hanya ke ɗauke da kaya.

Abin da muke kira inganci a wannan sana'a abu huɗu ne, duk ana ƙirga su. Na farko jinkiri, lokacin da fakiti ke ɗauka ya je ya dawo. A cikin gini ɗaya bai kamata ya kai milisakan 1 ba. Saƙo a cikin faiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan guda, a tagulla ma kusan haka, don haka waya mai mita 100 ba ta da wani nisa da za a ce shi ya kawo jinkiri. In ka ga 10 ko 50 a cikin ɗakinku, layin jira ne ya taru a wata ƙofa. Ma'aunin ITU mai lamba G.114 ya nuna magana ta waya tana tafiya daidai muddin jinkirin zuwa kaɗai bai wuce milisakan 150 ba, amma wannan na doguwar tafiya ne, kada ka ɗauke shi ka auna ɗaki ɗaya da shi.

Na biyu rawar jinkiri, wadda muke cewa jita. A ce ka sami 1, 1, 1, 40, 1, 65, 1. In ka fitar da matsakaici za ka ga bai kai 16 ba, ka ce ba laifi. Amma waɗannan 40 da 65 su ne labarin. Kowane suwici yana da ɗan wurin jira, kamar zaure, inda fakiti ke tsayawa in ƙofar fita ta cika. Wanda ya tarar da zaure ba kowa ya wuce nan take, wanda ya tarar da jama'a ya jira. Murya da bidiyo su suka fi jin jiki da wannan, masu aikin wayar intanet ba sa son ta haura milisakan 30. A gare ka kuwa jita gargaɗi ce, ita ce ke fara nuna zaure ya soma cika tun kafin a fara asara.

Na uku asarar fakiti, kuma nan nake so ka tsaya sosai. In zaure ya cika, suwici ba ya neman izinin kowa, jefar da fakitin yake yi ya ci gaba da aiki. TCP, tsarin isar da saƙo wanda shafukan jarrabawarku ke tafiya a kansa, shi zai lura wani abu ya ɓace, ya sake aikawa, ya kuma rage gudu don yana zaton hanya ta cunkushe. Akwai wani lissafi da aka fitar a 1997, ana kiransa da sunan Mathis, mai nuna iyakar gudun TCP in ana asara. Da asarar kashi 1 cikin 100 da jinkirin milisakan 100, haɗi guda ba zai wuce kusan megabit 1.4 a sakan ba, ko da gigabit ka saya. A cikin gini inda jinkiri milisakan 1 ne, lissafin na ba da kusan megabit 140, wato gigabit ɗinka ya koma kashi ɗaya cikin bakwai. Abin da ɗalibi ke gani da idonsa ma ya fi haka muni: in fakitin farko na buɗe haɗi ne ya ɓace, kwamfuta kan jira sakan guda ko fiye kafin ta sake gwadawa, in na biyun ya ɓace ta ninka jiran. Tsayawar shafin da kake gani ke nan. A netwok na cikin gida asara sifili ake nema. Ni in na aika 1,000 na rasa 1, ba na tashi daga wurin sai na san inda ya faɗi. Fakiti 4 kuwa ba za su taɓa nuna maka asarar kashi 1 cikin 100 ba sai da sa'a. Rubuta ping -n 1000 -l 1472 -f sannan adireshin saba. Bait 1472 in ka haɗa da 28 na kan fakiti sun cika 1500, iyakar abin da Ethernet ke ɗauka a fakiti guda, kuma babban fakiti ya fi ƙarami saurin tona asirin waya mara kyau.

Na huɗu yawan kayan da hanya ke iya ɗauka. Wannan mai sauƙi ne, da manhajar auna gudun hanya mai suna iperf3. Sa laftof ɗaya kusa da saba ka rubuta iperf3 -s, ɗauki na biyu ka kai ƙarshen layi ka rubuta iperf3 -c da adireshin na farkon, ka ƙara -t 60 don ya yi minti guda. Ƙofar gigabit mai lafiya kusan megabit 940 za ta ba ka. In ka ga 94, wani wuri a hanyar ya sauka zuwa 100. Maimaita da -R don a auna dawowa, sannan da -u -b 200M, wanda shi zai fito maka da jita da asara a rubuce.

Yanzu duba abin da ke faruwa a minti na farkon jarrabawa. A ce kowace kwamfuta tana jan megabait 2 in ta buɗe, misali kawai na ɗauka. Kwamfuta 250 megabait 500 ke nan, wato megabit 4,000 tunda bait ɗaya bit 8 ne, duk ta ƙofa guda ta saba. In gigabit ce, sakan 4 da ɗoriya ne mafi ƙaranci. Suwici ɗaya mai kwamfuta 23 yana buƙatar megabit 368, ƙasa da rabin sakan a gigabit, kusan sakan 4 in wayar da ta haɗa shi da babba ta sauka zuwa 100. In kuma an jona suwici uku a jere, wannan a bayan wannan, kwamfuta 69 ne ke rububin waya ɗaya, sakan 11 in ita ma ta sauka zuwa 100, kafin a ma saka asara da sake aikawa a lissafi. Tunda ka ce wasu layuka ne ke tsayawa ba duka ba, zargina na farko yana kan wayoyin nan 11 da ke hawa zuwa babban suwici. Irin wannan turmutsutsun na ɗan lokaci ba ya fitowa a zanen da ke nuna matsakaicin minti 5. Zanen zai ce kashi 10 cikin 100 kawai ake amfani da shi, alhali a cikin sakan biyu zaure ya cika ya zube.

To, NQA, wato Network Quality Analysis, binciken ingancin netwok. Suna ne da Huawei da H3C suka ba wa wani aiki a cikin na'urorinsu, Cisco na kiran irinsa IP SLA, Juniper kuma RPM. Ma'anarsa suwici da kansa ya riƙa ƙirƙirar fakitin gwaji yana aikawa lokaci-lokaci, yana rubuta sakamako, ko kana nan ko ba ka nan. Kowane gwaji ana buɗe masa suna, a faɗi irinsa, da inda za shi, da tazarar da zai riƙa maimaitawa. Akwai na ICMP wanda ping ne mai tsari, akwai na TCP mai auna lokacin buɗe haɗi, akwai na HTTP da DNS, akwai mai bin sawun hanya, akwai na jita da ke amfani da UDP. A Huawei za ka rubuta nqa test-instance admin saba1, sai test-type icmp, sai destination-address ipv4 da adireshin saba, sai frequency 60, sai probe-count 5, sannan start now. Da display nqa results za ka ga mafi ƙarancin jinkiri, mafi yawa, matsakaici da yawan asara. Display nqa history kuma ya nuna maka na baya ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin jita shi yake buƙatar mai amsawa a ɗaya gefen, na'urar da aka kunna wa nqa-server udpecho, ko ip sla responder in Cisco ce. Dalili shi ne hatimin lokaci huɗu ake bugawa: sa'ar da fakiti ya tashi, sa'ar da ya isa, sa'ar da aka mayar da shi, sa'ar da ya dawo. Da su ake cire ɗan lokacin da mai amsawa ya ɓata, a kuma raba jitar zuwa da ta dawowa, domin sau da yawa gefe ɗaya ne ke ciwo. In jinkirin zuwa kaɗai kake so, dole agogon na'urorin biyu su daidaita ta NTP, in ba haka ba lambar da za ta fito ba ta da amfani. Inda na'urorin ba na kamfani ɗaya ba ne akwai ma'auni na kowa da kowa, TWAMP, wanda ke cikin takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 5357 ta 2008. Wani amfanin NQA da nake so ƙwarai: ana ɗaure ta da hanyar fita, in layin intanet na farko ya daina amsawa suwici ya juya zuwa na biyu da kansa.

Sai dai ka san iyakarta. A yawancin suwici na matsakaicin kuɗi ƙwaƙwalwar nan ce dai ke aika fakitin NQA, don haka kada ka yi gardama a kan rabin milisakan. Darajarta tana wajen tarihi: ka ga jiya da ƙarfe 9 asara sifili ce, yau da ƙarfe 2 kashi 3 ne. Ka nufe ta ga saba da wata kwamfuta ɗaya a bayan kowane ƙaramin suwici, ka bar ta mako guda ka san yadda netwok ɗinka yake in yana lafiya, don wanda bai san lafiyar abu ba ba zai gane ciwonsa ba. In ƙananan naka irin waɗanda ba a shiga cikinsu ne, ba su da NQA ba su da ƙidaya, sai dai a auna ta cikinsu kamar yadda na faɗa.

NQA za ta gaya maka ana asara, ƙidayar ƙofa ce za ta gaya maka dalili. Rubuta display interface a kan kowace ƙofar da ƙaramin suwici ke shigowa, ka duba gudun da ta daidaita a kai, 1000 ne ko 100, kuma hanya biyu take tafiya a lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya. Gigabit yana buƙatar silin waya 8 duka, 100 kuwa 4 sun ishe shi, na 1, 2, 3 da 6. In mai matse kan waya, wato RJ45, bai kama silin shuɗi ko na ruwan ƙasa da kyau ba, na'urori da yawa shiru za su sauka zuwa 100, fitila na ci, ping na amsawa. Sannan ka duba CRC, adadin fakitin da suka iso a lalace. CRC na hawa, ka zargi waya, ko kan RJ45 ɗinta, ko wayar wuta da ta bi kusa da ita. In kuwa zubarwa a wajen fita ce ke hawa CRC na tsaye, cunkoso ne, canza waya ba zai yi magani ba, sai a faɗaɗa hanya: a haɗa ƙofa biyu su zama hanya ɗaya da tsarin LACP, ko a kai saba ƙofar gigabit 10. Ka share ƙidayar tukuna da reset counters interface, domin lambar da ta taru tun bara ba ta gaya maka komai a kan yau. Akwai kuma virtual-cable-test mai nuna silin da ya yanke da kimanin mitar da ya yanke, amma yana katse ƙofar na ɗan lokaci, kada ka yi shi ana jarrabawa.

Na taɓa zuwa wata makaranta a cikin garin nan a watan Afrilu, kukansu shi ne da safe komai lafiya, bayan azahar sai ɗaki ɗaya ya rikice. Sun riga sun canza suwici sau biyu. Na share ƙidaya da ƙarfe 9, har 11 CRC bai motsa ba, wajen ƙarfe 2 kuwa ina kallo yana hawa duk sanda na sake bugawa. Muka hau silin. Wayar ta bi ta ƙarƙashin kwano inda hannu ba ya iya daɗewa a kan katako, tsawonta ya haura mita 100 da ma'auni ya yarda da shi. Na yanko guntu na kankare sili ɗaya da reza, sai jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyom ne aka shafa wa tagulla, irin wadda ake rubuta wa CCA, mai araha a kasuwa. Zafi yana ƙara wa waya raunin saƙo, ita kuma dama a bakin iyaka take, rana na take sai ta faɗa. Abin ya ba ni takaici, domin kuɗin suwici biyun nan sun isa a ja faiba tun farko. A Sakkwato, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, suwici da yawa kuma an ƙera su ne su yi aiki zuwa 45 ko 50, gwajin safe kaɗai ba gwaji ba ne. Ka leƙa display temperature all da rana tsaka, ka buɗe akwatin bayan hunturu ka ga ƙurar da ta toshe fanka. Ka kuma duba tsawon lokacin da kowane suwici ya yi a kunne. Wanda ke farawa daga sifili duk sanda aka juya zuwa janareta, batirin UPS ɗinsa ya gama.

In wata rana ka ga fitilun ƙofofi duka suna ƙyaftawa tare da sauri, komai ya tsaya cak, wani ne ya soka kan waya biyu a suwici ɗaya ya yi zobe, saƙon shela na ta zagaye ba ya mutuwa. RSTP, tsarin da ke toshe zobe a suwici, ke hana wannan, ka tabbata a kunne take. Tsohuwar STP kan ɗauki sakan 30 zuwa 50 kafin ta buɗe ƙofa, don haka ƙofofin da kwamfuta ke kai a saita su a matsayin na gefe.

Za ka ji ana ambaton RFC 2544, ta 1999. Ita ce hanyar gwada ƙarfin na'ura a ɗakin gwaji, da fakiti masu girman bait 64, 128, 256, 512, 1024, 1280 da 1518, ana cika ƙofa har a ga inda za ta fara zubarwa. Daga irin wannan lissafin lambobin jikin kwali suke fitowa: ƙofar gigabit ɗaya tana wuce fakiti 1,488,095 masu bait 64 a sakan, don haka suwici mai ƙofa 24 da ba ya taƙaita kowa zai nuna gigabit 48 da kusan fakiti miliyan 35.7. Ka duba wannan in za ku sayi sabo. Amma kada ka kunna irin gwajin a netwok da mutane ke aiki a kai, RFC 6815 ta 2012 don wannan gargaɗin aka rubuta ta. Wanda ake yi in za a karɓi sabon layi daga mai ba da sabis shi ne Y.1564 na ITU.

Kada kuma ka haɗa ciwon cikin gida da na waje. Daga nan zuwa Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka, kusan kilomita 1,000 ne ta hanyar mota, milisakan 10 zuwa da dawowa tun kafin a lissafa na'urorin tsakani. A ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya alhali suwicin kowa lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa nake buɗe gwaji uku daban: ɗaya zuwa saba, ɗaya zuwa rawuta, na'urar da ke fitar da ku intanet, ɗaya zuwa wani adireshi a waje. Wanda ya fara lalacewa a cikinsu shi zai nuna maka wanda za ka kira.

Kafin jarrabawar gwaji ta gaba, ka share ƙidayar ƙofofin nan 11 da ta saba, ka kunna NQA tun dare, ka zaunar da yara ko da 100 ne su shiga a lokaci ɗaya, sau ɗaya da ƙarfe 9, sau ɗaya da ƙarfe 2. Ka rubuta gudun kowace ƙofa, da CRC, da zubarwar fita, da abin da iperf3 ya ba ka daga layin da ya fi tsayawa. Ka turo mini su tare da zanen yadda aka jona suwicin, ko a bayan takarda ka zana, in Allah ya yarda sai mu duba tare.